Rabon Itatuwan Inna

Mun tashi da asuba daga Yelwa, ni da abokina mai fataucin albasa, muna idar da salla muka nufi tasha. Damina ta fara zama, ƙasa ta jiƙe, kwaɗi na ta surutu a bayan kasuwa. Ku da kuke cika mini shago kuna cewa "Tela, ina tsarabar gungu?", to ga ta nan, ku karanta, ku bar ni in yi ɗinkina.

Ba yawo ne ya tashe ni ba. Tun bayan da aka sami mulkin kai ake ta cewa za a tare kogin Kwara da dam a Kainji, mu kuwa muna dariya, muna cewa wa ya isa. Ashe an isa. Yanzu magana ta tabbata, kafin kaka ruwa zai haɗiye gungunmu, tsibirin da aka haife ni a tsakiyar kogi, kuma an gina wa mutanenmu sabon gari a kan tudu wajen Wara. Inna, mahaifiyata, tana gungun tare da ƙanena Auta. Mu biyu kaɗai muka rage mata. Tashi ya zama dole, hanya kuma biyu ce a gabanta, ko ta bi Auta sabon gari, ko ta biyo ni Yelwa. Ni dai na riga na gama shawara a madadinta. Na shafe ɗaki da farar ƙasa, na rataya sabon asabari, na sayo gadon ƙarfe wanda ni kaina ban taɓa kwana a irinsa ba.

Ni ne ɗan fari, kuma duk ɗan fari ya san abin da nake nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kawuna a Yelwa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Mutumin Yelwa" take ce mini, shi ma tana kallon murhu. Kowa ya ce mini kunya ce, na kuma yarda kunya ce, amma yardar ba ta rage mini komai ba. Auta kuwa ta kira shi, ta zage shi, ta ja masa kunne, su yi ta dariya. Ga ni da gemu da 'ya'ya, amma har yau zagin nan nake wa kishi.

A wajenmu tsohuwa ba ta buɗe baki ta ce gidan wane za ta zauna, don kada ɗan da aka bari ya ji da kunnensa. Abin miyarta take miƙa wa wanda ta zaɓa, inda ya sauka nan za ta bi shi. Kakata haka ta yi. Da idona na ga an sauke tukunyar miyarta a gidan kawuna, ba a jima ba sai ga ta da sandarta. Saboda haka ni tukunya na tafi ɗaukowa. Akwai wata baƙa mai faɗin baki da Inna ke miya a ciki, har zanen da zan naɗe ta na saka a jaka.

Motar katako muka samu, irin wadda ake zama a kan buhuna. Kuɗin mota sule uku direba ya ce, abokina ya tsaya ciniki kamar albasa yake saye, har aka rage mana sisi, ya kuma yi ta ba da labarin wannan nasara har Birnin Yauri. A can muka karya da ƙosai da kunun tsamiya a gindin wata tsohuwar kuka kusa da ragowar ganuwa. Daga nan muka karkata kudu, hanyar Ngaski, inda hanya ta daina zama hanya. Jar laka ce zalla. Mota ta kafe, muka sauka muka tura, ta yi gaba kaɗan ta sake kafewa. Farar rigar da na ɗinka musamman don Inna ta gan ni a ciki ta koma ja har wuya. Matan Kambari suna wuce mu da kaya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a kai, suna kallonmu suna dariya. Sun kuma riga mu isa ƙauye na gaba.

Muna kusantar kogi sai na fara ganin jan fenti a jikin itatuwa, ɗorawa da kaɗanya da marke, kowanne da ɗamararsa. Wani fasinja ya ce alamar ma'aikatan dam ce, a nan ruwa zai tsaya, duk abin da ke gangare daga nan nasa ne. A gangaren kuwa an riga an sare da yawa an tara, wasu an cinna musu wuta, hayaƙi na ta tashi.

Sai da muka ratsa sabon garin kafin mu gangara bakin ruwa. Gidajen siminti ne a jere, rufinsu a lanƙwashe kamar an kife kwale-kwale, duk iri ɗaya, in ka fita zagaye sai ka tambayi hanyar gidanka. Na leƙa ɗaya da rana tsaka, zafi ya koro ni. Babu itace ko ɗaya, ko inuwar da akuya za ta raɓa. Abokina yana ta "Allah sarki", ni kuwa daɗi ne ya cika mini ciki. Na ce a raina Inna ba za ta iya zama a wannan tanda ba, alhali ga durumi a ƙofar gidana. A kasuwar Wara muka ci shinkafa da gasasshen kifi. Tun da leburorin dam suka cika yankin komai ya yi tsada, kifin da a da gyara ake ba ka shi, yanzu sai ka ajiye taro kafin mai shi ta dube ka.

Auta ne ya zo ɗaukarmu da kwale-kwale. Ya ƙara faɗi da ƙarfi, yana tsaye a ƙarshen jirgi da gorar tuƙi a hannu.

"Yaya, sannu da hanya. Zamna tsakiya ka riƙe da kyau, kada ka kihe muna jirgi."

A gaban baƙo ya faɗa mini haka, a kan kogin da ni na riga shi sha. Na zauna a tsakiyar, na rungume takalmana. Muka ratsa ta cikin giyayya, itacen nan da ke tsaye da ƙafarsa cikin ruwa, Auta yana gaida kowane masunci da sunansa, suna amsa masa da "Auta na Inna!" Ni ba wanda ya gane ni. Ɗaya ma ya tambaye shi ko ma'aikacin dam ya ɗauko.

Tun daga nesa giginya za ka fara hangowa, dogaye, sun fi komai tsawo a gungun. In ka matso sai kanya da ɗinya da ɓaure a bakin gaɓa, ga tsamiya a dandali inda ake gyaran komar kamun kifi. A gungu gona daban, itace daban. Kana iya noma albasa a fili, amma kanyar da ke tsakiyarsa ta wata ce, ba ka taɓa 'ya'yanta sai in sun faɗo da kansu. Kowane itace da mai shi, kuma ana gadonsa. Na Inna sun fi na kowa yawa, don ta haɗa na uwarta da na mahaifinmu marigayi. Babbansu wani maɗaci ne a bayan gari, mutum biyu ba sa rungume shi, masassaƙan jirgi sun daɗe suna haɗiyar yawu a kansa. A gindinsa aka binne cibiyata. Ban taɓa shakkar na wane ne ba.

Inna ta tarbi abokina da fara'a, ta tambaye shi gida da kasuwa da iyali. Ni kuwa ta juya wajen murhu ta ce, "Mutumin Yelwa, an zo lahiya?" Na ce lafiya lau. Sai ta ɗaga murya, "Kai Auta, shashasha, dubi yadda ka jiƙa ma baƙi kaya!" Ya yi dariya, ta yi dariya. Baƙi, wai har da ni. Na haɗiye.

Tuwon dawa ta yi mana da miyar naman kaza. Mutanen birni da yawa ba su san naman kaza ba, wasu ma ƙyamarsa suke, suna haɗa shi da laimar kwaɗi, wadda ita ba a ci, tana iya kai mutum lahira. A gungu kowace mace ta san bambancin. Akwai mai doguwar ƙafa da ke tsirowa a kan suri bayan ruwan farko, shi sai mai sammako. Akwai kuma na jikin mataccen ice, fari, a jere kamar kunnuwa, da ɗan tauri a baki irin na tsokar kaza. Wannan ne na Inna. A bayan ɗakinta, cikin inuwa, akwai wani kututturen ɗorawa a kwance, baƙi, ya fara ruɓewa, ta rufe shi da ganye tana zuba masa ruwan wankin hatsi. Da damina shi ke ba ta miya, ragowar ta shanya don rani. In ya kusa cinyewa sai ta jingina masa sabon ice har ya kama. Auta ya gaya wa abokina haka ake yi tun zamanin kakarmu. Ni ban mai da hankali ba, idona na kan murhu ina neman baƙar tukunya. Wata daban ce a kan wuta.

Muna ci a akushi ɗaya, Auta ya ce, "Yau miya ta yi kauri. Don kai na, Yaya, mu ba a yi muna haka." Na ɗauka ba'a ce, don na ga lokacin da Inna ta ƙara ludayi ɗaya ta gefensa. Abokina ya side hannu ya ce bai taɓa cin irinta ba. Gaskiyarsa ne, amma ni a ranar ɗaci nake ji.

Washegari da hantsi aka yi rabon itatuwa. Dattawan gungu sun yanke cewa kowane tsoho ya raba itatuwansa ga nasa tun da ransa, a gaban jama'a, ko da ruwa ne zai ci daga baya. Wanda nasa ke saruwa ya sare ya amfana. Ƙa'idar rabon nan tsohuwa ce kuma kowa ya san ta, har ni: abin da aka ba ka a gaban mutane naka ne, wanda ka mayar kuma ya tafi ke nan, ba a bayarwa sau biyu.

Inna na gaba da sanda, muna biye. Ta taɓa itace ta faɗi suna. Giginya ga 'ya'yan ƙanwarta. Kanya ga wata tsohuwa maƙwabciyarta da suka tsufa suna daka tare. Ɗinya ga liman, wai ya yi tawada. Mutane na dariya suna cewa madalla, wasu na share ido da gefen zane. Muka iso maɗaci. Na gyara tsayuwa, na ɗan matso gaba.

Ta dafa shi ta daɗe. Sannan ta ce, "Auta, naka na. Ruwa za shi yawa, ka sassaƙa babban jirgi."

Cibiyata a ƙasa, itacen na Auta. Ban ji sauran abin da aka raba ba, ƙafafuna ne kawai suka bi jama'a har muka dawo gida. Inna ta zagaya bayan ɗaki, ta nuna ruɓaɓɓen kututturen nan da sanda, idonta a ƙasa, ta ce, "Wanga na mutumin Yelwa na."

Tsohuwar nan maƙwabciya ta rangaɗa guɗa. Na dubi Auta, ya sunkuyar da kai, na ce dariya yake ɓoyewa. Shi maɗaci, ni ruɓaɓɓen ice, har da guɗa, a gaban gari duka da abokina da zai kai labari kasuwar Yelwa. Abokin nawa ya taɓa ni a gwiwar hannu, na fizge.

Na ce, "Inna, murhun Yelwa ba shi cin ruɓaɓɓen icce. A haɗa ma Auta, tunda komi nashi na."

Inna ta ce, "To." Auta bai jira komai ba, ya durƙusa ya rungumi kututturen da ganyensa, bai damu da ƙasar da ta ɓata masa riga ba, ya yi bakin ruwa da shi yana sauri.

Na fice na zagaya gungun ina huci. Na bi ta gindin maɗaci, na tarar har masassaƙa sun fara auna shi da igiya, na wuce ban yi musu sallama ba. Dawowata ta bayan akurki na ci karo da baƙar tukunyar da na zo dominta. Rabi ce ta rage, kaji na shan ruwa a ciki. Ina tsaye a kanta sai ga tsohuwa mai guɗa.

"Ɗan ga, mi kay yi?"

Na ce tukunya na zo ɗauka, ga shi kaji sun riga ni.

"Tukunya! Ko wace kasuwa ana saida tukunya. Wagga tun bara ta hwashe. Uwarka da mi taka miya in ba iccen ga ba? Ta ba Auta maɗaci don ta lallashe shi, kai ta ba ka miyarta. In ba haka ba, ni don mi niy yi guɗa?"

Da gudu na isa bakin ruwa, rabona da gudu tun ina saurayi. Auta ya riga ya kwantar da kututturen a cikin jirgi, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na ce ya ba ni kayana.

"Gaban mutane kab ba ni, Yaya." Bai ɗago ba. "Ni ka ɗebo mata ruwa, ni ka noma mata, in ta kwanta ciwo ni ka zamne bakin ƙohwa. Kai ka zo da salla da turmin atamfa, kwana biyu ka tahi, ta yi wata tana zancenka. Ni zagi, kai kunya. Yau ma kai ta zaɓa. Ka san yadda nij ji da ta nuna maka shi?"

Ashe duk shekarun nan da nake kishin zaginsa, shi kunyar da ake mini yake kishi. Bai sauke kututturen ba. Da ni ne, ba na jin zan sauke.

Ranar komawa na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, tana ɗaure kayan ƙaura. Na ce kuskure na yi, ban gane ba, akwai ɗaki can yana jiranta, da gado, da inuwa. Ta ce, "Na ji an ce har hwarar ƙasa ka shaha." Ashe labari ya daɗe da iso ta. Ta ƙulle bakin buhu, sannan ta ce, "Na ba ka, ka ce ba ka so. Gaban mutane na. In na juya yanzu, Auta na tozarta." Ta miƙo mini ƙullin busasshen naman kaza a tsumma. "A kai ma yara." A nan ta ɗago ta dube ni, ido cikin ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba. Sai ta mai da kanta ga kayanta.

Ta ruwa muka dawo, cikin babban jirgi mai inji. Ya fi mota tsada amma babu turawa. Jirgin cike yake da kayan masu ƙaura, turame da kaji da ƙyauren ɗaki, ga wani tsoho ya rungume buhun 'ya'yan giginya, ya ce zai shuka su wajen Shanga inda 'yarsa ke aure. Wani ya ce masa ba zai ga 'ya'yansu ba, tsohon ya ce ai waɗanda shi ma ya ci ba shi ya shuka su ba. Da muka hango Yelwa, abokina ya juyo wajena. Ya ce, "Ai na taɓa ka." Na ce na ji.

Matata ta fito da murna tana leƙen bayana. Na miƙa mata ƙullin, na shige. Ta yi miya da shi, yara suka cinye suna tambayar yaushe kakarsu za ta zo ta yi musu wata.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na san yanzu Kwara na taruwa. Na san hanyar Ngaski ba ta farar riga ba ce. Na kuma san na kwashe shekaru ina leƙen abin da ke hannun Auta, har ranar da aka ajiye nawa a gabana na ture shi da bakina. Kada ku ɗauka kishin ya warke. Ƙaruwa ya yi. A da ina kishinsa a kan abin da nake zato, yanzu a kan abin da na sani ne: kowace safiya, a garin nan marar inuwa, shi ke ganin Inna tana zuba wa kututturenta ruwa.

Shekaranjiya wani masunci ya kawo ɗinki, ya ce ruwa ya fara shiga gungu, an kayar da maɗacin, jirgin Auta ya kusa fitowa. Matata ta tambaye ni ko a ba yara ɗakin. Na ce a bar shi. Na samo guntun ɗorawa na kwantar a bayansa, cikin inuwa, na rufe shi da ganye, ina zuba masa ruwan wankin hatsi. Na san ba zai tsiro da komai ba, don babu tsohon icen da zai kama daga jikinsa. Ina zubawa dai.